Ranar da Uwar Amare Ta Mayar da Auta Ɗakinta

Akwai wata mata tela da mutanen unguwarsu suke kira Uwar Amare. Shekara talatin ta yi tana ɗinka wa amare kaya a wani ƙaramin shago da ke bakin titi, tsakanin kantin magani da wurin gyaran waya. Hannunta yana da kyau, wannan babu mai musu. Idan ta auna mace sau ɗaya, rigar za ta zauna mata kamar da ita aka haife ta. Sai dai tana da wani hali da ya fi ɗinkinta ƙarfi, wato girman kai da tsoron bakin mutane. Abin da za a ce a kanta ya fi damun ta fiye da abin da yake faruwa da gaske.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata huɗu. Da keken ɗinki ta rene su, ta aurar da su duka, kuma wannan ne abin taƙamarta. Duk wanda ya zauna a shagonta minti goma sai ya ji ta ce, "Ni 'ya'yana huɗu, babu wadda ta taɓa dawo mini gida da akwati." Idan tana auna amarya, da allurai a bakinta, sai ta haɗa mata da huɗuba.

"Ɗaga hannu. Kin ga namiji? Ba a tambayarsa ina ka je. Juyo. Ba a ce masa a'a. Ke, ja cikinki, ba buhu nake aunawa ba."

Iyayen amare su yi ta dariya suna cewa, "Gaya mata, Uwar Amare, ke kika san sirrin." Ita kuwa sai ta ƙara ɗaga kai.

A cikin 'ya'yanta, auren ƙaramarsu ya fi faranta mata rai. Auta suke ce mata. Yarinya ce mai sanyin hali, mai yawan shiru. Mutumin da ta aura yana aiki da wani kamfanin gina hanyoyi, kowa Injiniya yake kiransa. Auta da kanta ta zaɓe shi, kuma tana son sa. Yana da mota da gida mai bene, yana da fara'a, idan ya zo gaishe da surukarsa har ƙasa yake durƙusawa. Aikinsa yakan kai shi sansanin ma'aikata mai nisa, ya yi wata biyu ko uku kafin ya dawo ya yi mako guda. Uwar Amare ba ta taɓa ambaton sunansa ba tare da ta ƙara da "surukina" ba, da ƙarfi, don na waje ya ji.

Wata rana da hantsi, shekara biyu da auren, Auta ta shigo shagon ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Mata uku ne a zaune suna jiran awo. Ta gaishe su a takaice, ta wuce ɗakin baya inda ake ajiye yadi. Uwar ta bi ta, ta sauke labule. Da Auta ta janye mayafin, sai ga leɓenta ya kumbura, idonta ɗaya ya yi jajir.

"Me kika yi masa?" in ji uwar.

Auta ta zauna a kan wani ƙunshin yadi, ta fara magana a hankali. Ta ce sau biyu ke nan, duk lokacin da mijinta ya dawo daga sansani sai ta kamu da ciwon sanyi. Ta yi shiru ba ta gaya wa kowa ba. Sai a makon da ya wuce wata mata ta kira ta a waya, da murya irin ta marar lafiya, ta ce ba ta san ta ba, amma don Allah ta gaya wa mijinta ya je a gwada jininsa, domin ita an gwada ta an samu cutar ƙanjamau. Daga nan ta kashe wayar.

"Na tafi asibitin unguwa, Mama. Nas ta gwada ni, ta ce babu komai a jinina, amma in koma bayan wata uku a sake dubawa. Ta ce in lallashe shi ya zo shi ma a gwada shi. Kafin nan kuma mu riƙa amfani da wannan."

Ta buɗe jakarta ta fito da wani ƙaramin kwali na kwaroron roba.

Uwar Amare ta kalli kwalin kamar an ajiye mata mushe a tsakiyar shago. Ba ta sake duban leɓen ba.

"Jiya ya dawo," Auta ta ci gaba. "Na bari ya ci abinci ya huta. Na durƙusa na gaya masa cikin ladabi. Kafin in rufe baki ya mare ni. Ya ce wa ya koya mini, ya ce da wa nake amfani da shi idan ba ya nan. Mama, tsoro nake ji. Ki bar ni in zauna a wurinki kwana biyu, har ya yarda a gwada shi."

Amsar da ta samu mari ne, a kan leɓen da ya riga ya kumbura.

"Rufe mini baki, mutane na jin ki!" Uwar ta yi maganar ƙasa-ƙasa tana haɗe haƙora. "A gidan uban wa kika ga matar aure da wannan abin? Matan banza ne suke yawo da shi a jaka. Wata 'yar iska ta buga miki waya don ta kashe miki aure, ke kuma da yake kanki babu komai kin kwashi ƙafa kin kai sirrin mijinki asibiti. Da ni ce shi, da abin da zan yi miki ya fi haka."

"Mama, idan gaskiya ne fa?"

"Kin ga alamar ciwo a jikinsa? Mutum kamar bijimi? Ko da gaskiya ne ma, mijinki ne. Abin da Allah ya rubuta shi zai same ki. Amma ni ba za ki zama ta farko da za ta zubar mini da mutunci ba. Goge fuskarki."

Ta fito gaban shago tana murmushi, ta ce wa matan da ke jira haƙori ne yake damun yarinyar. Ta auna su ɗaya bayan ɗaya, har da barkwancin da ta saba. Da ta sallame su ta rufe shagon, ta saka almakashinta da kwalin a jaka, ta tasa Auta a gaba har gidan Injiniya.

Sun tarar da shi a falo tare da mahaifiyarsa da wata gwaggonsa. Ya riga ya kira su ya kai ƙara. Uwar Amare ba ta jira an tambaye ta ba. Ta dafa kafaɗar Auta ta danna ta ƙasa har gwiwoyinta suka taɓa tabarma. Sannan ta zaro kwalin ta ɗora a kan tebur, a gaban kowa.

"Ga abin da na samu a jakarta," ta ce. "Ban zo in ɓoye laifin 'yata ba, ni ba irin waɗannan iyayen ba ce. Ƙawaye ne suka ɓata ta, da wata nas marar tarbiyya. Ku yi haƙuri, yarinta ce."

Ta fito da almakashin, ta riƙa zaro kwaroron roban daga kwalin ɗaya-ɗaya tana yankawa gida biyu, gutsattsarin suna zuba a kan tebur. Gwaggon ta kawar da kai tana salati. Mahaifiyar Injiniya ta ce, "Kai, duniya ta lalace." Auta ta ɗago ta kalli mijinta, ko zai ce wani abu. Shi kuwa wayarsa yake dubawa.

"Ba shi haƙuri," in ji uwar.

"Ka yi haƙuri."

"Da ƙarfi. Ki ce kin yi masa ƙazafi."

"Na yi maka ƙazafi. Ka yafe mini."

Injiniya ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta. Ya ce saboda darajar Mama ya haƙura, amma da sharaɗi: ƙafar Auta kada ta sake taka wannan asibitin. Uwar Amare ta ce ai ko bai faɗa ba ita ma ta hana. Har ƙofar gida ya rako ta, ya buɗe mata mota da kansa.

Washegari ta je asibitin unguwa, ta tsaya a gaban teburin nas ɗin, cikin mata masu jiran layi, ta wanke ta tas. Ta ce mata mai kashe aure, mai koya wa 'ya'yan mutane iskanci. Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Baiwar Allah, ni ba zan yi maganar wani marar lafiya da ke ba. Amma duk macen da ta zo nan tana neman ta tsare lafiyarta, ba iskanci ya kawo ta ba. Idan 'yarki ce, ki taimake ta." Uwar Amare ta yi tsaki ta fita. Duk wannan makon tana ba da labarin yadda ta gyara wa nas zama.

Daga nan Auta ta rage zuwa shago. Idan ta zo ma, gaisuwa ce kawai ta tafi. Uwar ta ɗauki wannan a matsayin hankali ya shigo. Bayan wata biyar aka ce Auta na da ciki, sai murna ta ƙaru. Ta ɗinka ƙananan riguna har dozin biyu, ta rataye su a gaban shago. Sau ɗaya Auta ta ce mata tana son zuwa awon ciki amma mijinta ya hana, ko za ta sa baki. Uwar ta ce, "Ni huɗu na haifa, wa ya auna ni? Kada ki sake tayar mana da wata fitina." Auta ba ta ƙara tambaya ba. A gida ta haihu, ɗa namiji.

Yaron bai taɓa yin ƙiba ba. Daga gudawa sai zazzaɓi, daga zazzaɓi sai tari, bakinsa ya yi fari fat da ƙuraje. Yana da wata biyar aka kawo ubansa daga sansani a kwance a bayan mota, ya rame har agogo yana zamewa daga hannunsa. A babban asibiti likita ya gwada shi, sannan ya nemi a kawo matarsa da ɗansa. Su ukun duka suna ɗauke da cutar. Likitan ya tambayi Auta me ya hana ta zuwa awo, domin da an gano tun tana da ciki, akwai maganin da kan kare jariri. Auta ta sunkuyar da kai.

Bayan mako biyu aka aiko wa Uwar Amare cewa ana neman ta a gidan surukanta. Falon nan ne dai, da mutanen nan, sai ƙarin kawunnai biyu. Injiniya yana kwance a doguwar kujera an lulluɓe shi da bargo. Auta na tsaye a bakin ƙofa da yaron a kafaɗa, akwatinta a gefenta. Babu wanda ya ce wa Uwar Amare ta zauna.

"Ga 'yarki nan," in ji mahaifiyar Injiniya. "Ta kwaso mana cuta ta kawo gida."

Uwar Amare ta dubi tsohuwar. Ta ce, "Haba, ku ji tsoron Allah. Yarinyar da ko ƙofar gida ba ta fita? An gwada ta bara, lafiyarta ƙalau. Shi ne yake yawon sansani."

"Ke kika ce?" Tsohuwar ta nuna tebur da yatsa. "A nan, a kan wannan teburin, wa ya ajiye mana kwalin? Wa ya ce ga abin da na samu a jakarta? Wa ya ce ƙawaye sun ɓata ta? Da bakinki kika faɗa, gwaggonsa shaida ce. Wace matar kirki ce take yawo da wannan abin mijinta ba ya gari? Ita ma da bakinta ta ce ƙazafi ta yi masa."

Uwar Amare ta juya wajen surukinta. "Kai ka san gaskiya. Ka yi magana."

Ya juya fuskarsa bango. Ɗaya daga cikin kawunnan ne ya miƙa mata takardar saki.

Kafin kwana uku labari ya gama unguwa, amma ba yadda ya faru ba. Dangin Injiniya sun ce shi ciwon ciki ne ya kwantar da shi, matar ce aka samu da cutar, Allah ya tsare shi ya rabu da ita. Mutane suka yarda, domin kowa ya tuna yadda Uwar Amare da kanta ta yi ta ba da labarin nas da kwali. Iyayen amare suka fara zuwa karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. Wata ta ce an ɗaga bikin. Wata ko ƙarya ba ta tsaya yi ba, ta ɗauki nata da gefen mayafi don kada hannunta ya taɓa.

Ko a wannan hali girman kan bai sake ta ba. Ta ajiye Auta a ɗakin ƙarshe na gidan, ta ware mata kofi da kwano, ta hana ta leƙa waje da rana. Idan maƙwabta suka tambaya sai ta ce hutu ta zo. Ranar karɓar magani kuwa sai ta sa ta zagaya ta ƙofar baya, ta je asibitin wata unguwa mai nisa. Yayyen Auta uku suna kira a waya, amma mazajensu sun hana su zuwa.

An sa wa yaron magani, amma an makara. Wata safiya yana da wata takwas, numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar, kafin a samu mota ya cika a cinyar uwarsa. Mutane ƙalilan ne suka zo. Uban bai zo ba. Auta ba ta yi kuka ba. Ta naɗe rigunansa, waɗanda yawancinsu bai kai girman sa su ba, ta kai ɗakin mahaifiyarta ta ajiye a kan gado ta fito.

A ranar ne wani abu ya karye a zuciyar Uwar Amare. Ta bi ta ɗaki, ta zauna a ƙasa, ta kama ƙafarta tana kuka tana cewa ta yafe mata.

Auta ta janye ƙafar a hankali. "Mama, ranar da na zo shagonki lafiyata ƙalau. Kwana biyu kawai na roƙe ki."



Auta ta riƙe maganinta, ba ta tsallake ko rana guda. Jikinta ya dawo, har ta yi kyau. Nas ɗin nan mai tabarau, wadda aka zaga a gaban jama'a, ita ta haɗa ta da wata makarantar yara a wani gari, ta samu aikin koyarwa. Ta tafi da akwatinta guda. Takan aiko da gaisuwa ta bakin yayarta, amma ba ta kira, kuma ba ta zuwa.

Shi ma Injiniya yana shan nasa maganin a ɓoye, ya murmure, ya koma aiki. Bayan shekara ɗaya da rabi Uwar Amare ta ji a bakin mai kantin magani cewa zai yi sabon aure, 'yar wani mai sayar da katako a bayan kasuwa. Kwana biyu ta kasa cin abinci. A na uku ta yafa mayafi ta tafi gidan, a karo na farko a rayuwarta ba ta damu da wanda zai gan ta ba.

Ta tarar da uwar yarinyar a tsakar gida tana shanya. Ta gaishe ta, ta faɗi ko ita wace ce, ta ba ta labarin duka ba ta rage komai ba, har da abin da ita kanta ta yi. Ta ce ba ta zo hana aure ba. Mai wannan cutar yana iya aure idan ya faɗi gaskiya kuma ya riƙe magani. Abin da take roƙo kawai shi ne a gwada su biyun, yarinyar ta san abin da za ta shiga.

Matar ta ajiye bokiti ta kama ƙugu. "Au, ke ce uwar waccan? Mun ji labarinku. 'Yarki ta gama yawonta an kore ta, shi ne kika biyo shi da baƙin ciki? In dubi mutum kamar Injiniya in ce ya je a gwada jininsa? Da wane baki? Mu 'yarmu tarbiyya gare ta, ba ta san waɗannan maganganun ba, kuma ba za ta ji su daga gare ki ba. Fita mini daga gida."

"Don Allah ki saurare ni, ni ma haka na ce..."

Matar ta ɗauki bokitin ta watsa mata sauran ruwan wankin. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna dariya. Da Uwar Amare ta juya za ta fita, ta hangi yarinyar a bayan labulen ɗaki, ƙarama, da manyan idanu, tana kallonta. Ta buɗe baki za ta yi mata magana, uwar ta daka wa yarinyar tsawa, labulen ya sauka.

Ranar Asabar ta biyu bayan haka aka yi bikin. Jerin motocin ya bi ta gaban shagonta, ana ta busa ƙaho. Tana zaune a kan keke ita kaɗai, babu yadi ko ɗaya a kan kanta, har ƙarar ta yi nisa ta daina jin ta.

Darasin da ke cikin wannan labari a bayyane yake. Macen da ta nemi a yi gwaji, ko ta nemi mijinta ya yi amfani da kwaroron roba saboda tana tsoron cuta, ba ta yi rashin kunya ba, kuma ba ta yi rashin biyayya ba. Ranta take karewa, da na 'ya'yan da za ta haifa. Aure ba ya hana cuta shiga gida, kuma ba a gane mai ɗauke da ita da ido. Namijin da ya ƙi gwaji ya rufe bakin matarsa da mari, zalunci ya yi, kuma duk wanda ya taya shi ya yi tarayya da shi. Iyaye su sani cewa ranar da 'ya ta zo musu cikin tsoro, sauraro take buƙata kafin hukunci. Bakin mutanen da ake gudu ba ya jinya, ba ya zuwa jana'iza, kuma shi ne na farko da zai juya wa mutum baya. Wanda ya fifita abin da za a ce a kan lafiyar ɗansa, a ƙarshe yakan rasa duka biyun.